DAC ko katin sauti: wanne ya dace da kwamfutar gida a Legas?

Wani ɗan'uwa mazaunin Agege ya aiko da tambaya. Yana da kwamfutar tebur ta tokumbo, da ƙananan sifiku biyu masu amfilifaya a cikinsu, da hedifon. Yana sauraron karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi, wani lokaci kuma yakan gyara sautin tafsirin da aka ɗauka a masallacin unguwarsu. Damuwarsa ita ce sifikun suna ƙugi, musamman in an tayar da janareta, sannan akwai wata 'yar tsuwa da ke fita duk sanda ya motsa maus. Mai shago ya ce masa ya sa katin sauti, abokinsa ya ce ya sayi DAC na USB. Abin da ya ware bai wuce kwatankwacin dala 100 ba. Wanne zai saya?

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka tsaya tambaya kafin ka ciro kuɗi, don yadda ka kwatanta matsalar nan, akwai yiwuwar ka sayi kowanne daga cikin biyun, ka dawo gida ka jona, ƙugin yana nan inda ka bar shi. Haɗa kayan sauti a masallatai da ƙananan situdiyo shi ne sana'ata, kuma wannan ƙugin na Legas tsohon sani ne.

Mu fara da raba gardamar mai shago da abokinka. Duk sautin da ke ajiye a kwamfuta lambobi ne zalla. Sifika kuwa ba ruwanta da lambobi, wutar lantarki mai hawa da sauka take buƙata don ta kaɗa iska. Ɗan guntun da ke juya lambobin su zama wannan wutar shi ne DAC. Akwai shi a wayarka, akwai shi a talabijin, akwai shi a madabod ɗin kwamfutarka, wato babban allon da duk kayan cikinta ke jone a kai, galibi na kamfanin Realtek, kuma akwai shi a kan kowane katin sauti. Ashe ke nan mai shago da abokinka abu ɗaya suke son ka saya. Bambancin kawai shi ne inda zai zauna, ciki ko waje, da kuma abin da aka haɗa masa: amfilifayar hedifon, mashigar makirfo, ramukan jonawa.

Ga abin da nake so ka riƙe. Juya lambobi zuwa sauti aiki ne da aka daɗe da ƙwarewa a kansa, har ya yi araha. Abin da kuɗinka zai saya maka yau abu uku ne: tsira daga hayaniyar wuta, ƙarfin tura hedifon, da ramukan da suka dace da kayanka. A Legas na farkon ne ya fi cin mutane.

Saboda haka kafin ka je kasuwa, yi gwajin nan a ɗakinka, ba ya cin ko kwabo. Zare wayar sifikun daga kwamfuta ka jona ta a wayar salula, wadda ba ta kan caji, ka kunna karatu. In ƙugin yana nan, to kwamfutarka ba ta da laifi. Ko kebul ɗin ne ya lalace, ko sifikun ne ba sa jure wutar da ake ba su, kuma babu DAC ɗin da zai yi maganin wannan. Ka duba bakin filogin da kyau. Raɓar garin nan da iskar teku sukan sa ƙarfen ya dusashe ko ya yi wani kore-kore, kuma in ka murza shi a cikin rami ka ji ƙaras-ƙaras, ka gano ɓarawon. Goge shi da sifirit, ko ka sauya kebul.

In kuwa sauti ya fito tas daga wayar salula, koma kan kwamfuta da hedifon. Jona shi a ramin gaba, ka motsa maus, ka saurara. Sai ka zagaya baya ka jona a koren ramin nan na jikin madabod. Sau da yawa za ka tarar na baya ya fi tsabta nesa ba kusa ba. In ka buɗe murfin kwamfutar za ka ga dalili da idonka: wata siririyar waya ce ta taso daga ramin gaba, ta ratsa ta gefen akwatin wuta da fanka da katin hoto kafin ta isa madabod, tana kwasar hayaniyar duk abin da ta wuce. In hedifon yana tsuwa gaba da baya, to sashen sautin madabod ɗin ne ke da datti, kuma a nan DAC na waje zai yi maka aiki sosai, don ya fitar da aikin daga cikin akwatin gaba ɗaya.

Hali na uku shi ne wanda nake zargi a wurinka: hedifon tsaf, wayar salula tsaf, amma da zarar an haɗa kwamfuta da sifiku sai ƙugi. Wannan matsalar wayar ƙasa ce, wato wayar kariya da ƙafar filogi ta uku ke haɗuwa da ita. Kwamfuta tana jone da soket da filogi mai ƙafa uku, sifikun ma haka, sannan kebul ɗin sauti ya sake haɗa su. An samu zobe ke nan, kuma wata 'yar wuta takan riƙa zagayawa a cikinsa, ta bi ta kebul ɗin sauti, amfilifaya ta ɗauke ta ta ƙara mata ƙarfi tamkar waƙa ce. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, shi ya sa ƙugin yake da kauri, a ƙasa-ƙasa. Ƙaramin janareta ba ya riƙe bugun nan daidai, kuma wutarsa ba ta da santsi, sai ƙugin ya ƙaru ya riƙa hawa da sauka tare da kukan injin. Inbata mai araha da ƙananan UPS, waɗanda ke fitar da wuta mai matakala maimakon mai lanƙwasa, su kuma wani zizz mai kaifi suke sa wa sifiku. Akwai kuma gidajen haya da yawa da ba a ja musu wayar ƙasa ba sam. Alamarsa ita ce ka taɓa ƙarfen jikin kwamfuta ka ji yana ɗan ja.

A nan ne mutane ke asarar kuɗi. Katin sauti na ciki yana kan wayar ƙasa ɗaya da kwamfutar. DAC na USB ma haka, don kebul ɗin USB yana ɗauke da wayar ƙasar kwamfutar zuwa cikinsa. Zoben bai yanke ba, sai dai ya sauya hanya. Wanda ya sayi DAC mai tsada a wannan hali kamar wanda ya sauya injin mota ne alhali taya ce ta yi faci.

Maganin farko: jona kwamfuta da sifiku a kan soket ɗin nan mai doguwar waya da ramuka da yawa, guda ɗaya, mai kyau. Sau da yawa wannan kaɗai yakan rage ƙugin har ya kusa ɓacewa. In sifikunka suna da ramin XLR, mai shan tsinke uku, ko babban jak mai zobe biyu, irin na sifikun situdiyo, to na'ura mai fitar da sauti ta irin wannan hanya da kebul mai jijiya uku su ne magani, don an ƙera su ne musamman su soke hayaniyar da ta shiga a hanya. Magani mafi yankewa kuwa shi ne kebul na haske, wato Toslink. Zaren roba ne ke ɗauke da sautin a matsayin haske, babu ƙarfe a ciki, saboda haka babu hanyar da wuta za ta bi. Abu ɗaya da nake roƙonka: kada ka bari wani ya karya maka ƙafar filogi ta uku don a kashe ƙugi. Zai iya yin shiru, amma wannan ƙafar ce ke tsakaninka da wuta ranar da wani abu ya ƙone a cikin na'urar. Ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasar ɗakin, ya fi.

Yanzu sai lambobin da ake bugawa a jikin kwali, don da su ake ruɗa mai saye. Za ka ga bit 32, kilohaz 384: bit yana nuna yadda aka tsananta auna ƙarfin sautin, kilohaz kuma sau dubu nawa ake auna shi a daƙiƙa. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 bit 16 ne, kilohaz 44.1. Wannan ma'auni yana ɗaukar sauti har zuwa kilohaz 22, kunnen yaro mai lafiya kuwa a wajen 20 yake tsayawa, na babba bai ma kai nan ba. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma bit 16 yana ba da tazarar desibel 96 tsakanin mafi ƙarancin sauti da mafi ƙarfinsa. Ɗakin da ke da fanka a kunne, ga janaretan maƙwabci, ga hon ɗin motocin haya na danfo daga titi, hayaniyarsa kaɗai za ta kai desibel 40 ko fiye. Kafin ka ci moriyar duk tazarar nan sai ka ƙure murya zuwa inda kunne ke ciwo. Bit 24 yana da amfani na gaske wajen ɗauka da gyara, don yana ba ka sarari kada sauti ya fashe. Wajen saurare kuwa ba zai ƙara maka komai ba. Ka kuma duba abin da kake kunnawa. Minti ɗaya na CD ya kai megabait 10, na MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa bai wuce megabait 1 ba, wa'azin da ya biyo ta hannu goma a WhatsApp kuwa an matse shi fiye da haka. Abin da aka zubar wajen matsewa ya tafi, DAC ba ya dawo da shi. Haka nan sunan guntun da ke ciki, ko na ESS ne, ko AKM, ko Cirrus Logic, bai isa ya gaya maka ingancin na'ura ba. Yadda aka tace wutar da ke ciyar da shi da yadda aka gina mafitar sautin sun fi sunan muhimmanci.

Katin sauti na ciki ya yi zamaninsa. Tun da Creative na ƙasar Singafo ya fito da Sound Blaster a 1989, kati ne ke ba kwamfuta murya, daga baya kuma shi ke ɗaukar nauyin lissafin sautin wasanni. Windows Vista ya rufe wannan ƙofar a 2007, ya mayar da lissafin kan kwamfutar kanta, madabod kuma suka inganta. Masu araha na yanzu, irin su Sound Blaster Audigy Fx da Asus Xonar SE, sun fi sautin tsohuwar kwamfutar ofis, amma suna zaune ne a cikin akwatin nan mai hayaniya, suna dogara da direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da su, kuma ranar da ka koma laftof sun zama tarihi. In kwamfutarka irin siririyar HP ko Dell ce ta ofis, sai ka tabbatar katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurewa, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Wuri ɗaya da kati ya yi wa DAC fintinkau shi ne in kana da sifiku shida na 5.1 masu jak uku, don DAC na sauraro hagu da dama kawai ya sani. Kai kuwa sifiku biyu gare ka. Ban ga dalilin da zai sa ka buɗe kwamfutarka ba.

A ɓangaren na waje, zan faɗi farashi da dala saboda naira ba ta zama wuri ɗaya, kuma kafin kaya su iso nan an ɗora musu kuɗin dako. Mafi araha da zan iya tsaya masa shi ne ɗan guntun kebul ɗin Apple mai USB-C a gefe ɗaya da ramin hedifon a ɗayan, dala 9 a Amurka. Cikakken DAC ne da ƙaramar amfilifaya a ciki, yana aiki a Windows, kuma tsabtar sautinsa ta fi ta madabod da yawa. Sai dai iri biyu ne: na kasuwar Amurka, mai lamba A2049, yana fitar da bolt 1, na kasuwar Turai, A2155, rabin haka. Jabunsa kuma ya fi na gaskiyar yawa, kebul ɗinsa siriri ne, in kwamfutarka ba ta da USB-C sai ka nemi mahaɗi. FiiO KA11, wajen dala 30, irin wannan siffar ce amma ya fi shi ƙarfi sosai. Waɗannan ƙananan masu kama da filas da ake rubuta wa 7.1 a jiki, ana sayar da su a kan tire, ka bar su sai dai in ramin kwamfutarka ne ya mutu kana neman na lallaɓawa. Shuu ɗinsu yakan fi na madabod.

Behringer UCA202, ko jan ɗan'uwansa UCA222, shi ma wajen dala 30, tsoho ne, bit 16 kilohaz 48, kuma ramin hedifon ɗinsa rarrauna ne. Amma yana da abin da ya sa nake ƙaunarsa a garin nan: mafitar haske. Kwamfutocin ofis na tokumbo ba kasafai suke zuwa da ita ba, wannan ɗan akwatin kuwa zai ba ka ita ta USB. In sifikunka suna karɓar haske kai tsaye, kamar Edifier R1280DB, shi ke nan an gama. In ba sa karɓa, sai ka sa ƙaramin DAC mai karɓar haske a tsakani, irin FiiO D03K, ka ba shi wuta daga cajar waya ta daban, ba daga kwamfutar ba. Duka biyun ba su cinye kuɗin da ka ware ba, kuma zoben ya yanke.

Daga dala 75 zuwa 130 nan ne na tebur suke. FiiO E10K ya daɗe a kasuwa, yana da maɓallin murya da amfilifayar da ta ishi yawancin hedifon. Topping DX1, wajen dala 100, ya fi shi tsabta da ƙarfi, yana da ramukan hedifon biyu da ramukan RCA, ja da fari, na sifiku, kuma daga USB kaɗai yake cin wuta, amma ba shi da mashigar haske. SMSL SU-1, wajen dala 80, yana karɓar USB da haske, sai dai ba shi da ramin hedifon ko maɓallin murya, na sifiku ne kawai. Shi wannan in ka shigar masa da sauti ta haske, kana iya ciyar da shi da fawa-bank, ya rabu da wutar gida kwata-kwata, in dai ba irin fawa-bank ɗin nan ba ne mai kashe kansa in abin da ke jansa bai da yawa. FiiO K11, wajen dala 130, ya haɗa komai: USB, haske, amfilifaya mai ƙarfi, RCA. Ya ɗan haura kuɗinka, amma in za ka iya haƙuri ka cika, shi ne wanda ba za ka yi saurin girme shi ba. Tsakanin waɗannan, in aka daidaita ƙarfin murya aka rufe maka ido, da wuya ka ware ɗaya daga ɗaya. Ka zaɓa da ramuka da ƙarfi.

Maganar daidaita murya ba ƙarama ba ce. Kunnen ɗan Adam yana ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da bambancin desibel ɗaya ne. Yawancin DAC na tebur bolt 2 suke fitarwa, madabod da yawa ba su kai haka ba. Mai shago zai jona maka sabo, sauti ya cika shago, ka ce lallai an samu canji. Ka rage shi zuwa daidai da na farkon, sannan ka yanke hukunci.

Game da hedifon, ba ka faɗi irinsa ba, don haka duba jikinsa ko kwalinsa ka ga om nawa ne, wato ma'aunin yadda yake turje wa wuta. In 32 ne zuwa 60 da 'yan kai, irin Audio-Technica M50x ko Sony MDR-7506, ko ɗan kebul ɗin Apple ya ishe shi. In 250 ne ko 300, irin wasu Beyerdynamic DT 770 ko Sennheiser HD 600, yana son bolt mai yawa, sai DX1 ko K11. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: shi kansa ramin da ake jona hedifon yana da nasa om ɗin, kuma ƙa'idar masu sana'a ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na hedifon. Ramukan madabod sukan kai gomomi, sai bes ya kumbura, murya ta dusashe. Na'urori masu kyau ba sa wuce om 1 ko 2. Sau da yawa gyaruwar da mutum ke ji in ya sayi DAC daga nan take. In kuwa hedifon ɗinka na Bluetooth ne ko na USB, yana da nasa DAC a ciki, sabon ba zai taɓa shi ba.

Sai tafsirin da ka ambata, kuma wannan zai iya juya shawarar gaba ɗaya. In gyara kawai kake yi, abin da na faɗa ya wadatar. In kuwa kana da niyyar jona makirfo ka ɗauka da kanka, DAC ba ya karɓar sauti, fitarwa kawai yake yi. Abin da kake buƙata shi ne akwatin da 'yan situdiyo a kasuwar Alaba ke kira sawun kad, mai ramin XLR da wutar bolt 48 ta makirfo: Behringer UMC22 a ƙasa, UMC202HD a sama da shi kaɗan, Focusrite Scarlett Solo in aljihu ya yarda. Kowannensu akwai DAC a ciki, kuma Scarlett na baya-bayan nan yana fitar da sauti ta jak mai soke hayaniya. Ka kula, in ka shiga kasuwa ka ce sawun kad kawai, za a iya miƙo maka V8, wannan mai fitilu da maɓallan tafi da amsa-kuwwa na masu TikTok. Yana da nasa aikin, amma ba a ɗaukar karatun malami da shi.

Da ni ne a matsayinka, in gwaji ya nuna zoben wayar ƙasa, zan bi hanyar haske. In ya nuna dattin madabod ne, DX1, ko KA11 in hedifon ne ya fi yawa a saurarena, sauran canjin in tara shi don sifiku, don su da inda aka ajiye su a ɗaki sun fi kowane DAC sauya abin da kunne ke ji.

Wajen saye, Computer Village a Ikeja ya fi ƙarfi a kayan kwamfuta da ƙananan kebul, Alaba International a Ojo kuma a kayan situdiyo. Su Topping da SMSL galibi sai an yi odarsu ta intanet. Ka je da hedifon ɗinka da wayarka, ka sa a gwada a gabanka, ka tsayar da waƙa ka ƙure murya ka saurari shirun, ka murza maɓalli a hankali ka ji ko gefe ɗaya yana riga ɗaya tashi. Ka karɓi rasit mai lambar na'urar. In tokumbon Amurka ne mai cajar bango, karanta jikin cajar: wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240 lafiya lau, wadda aka rubuta wa 110 ko 120 kaɗai kuwa jonawa ɗaya za ta ƙone. Wasu amfilifayoyin Schiit da JDS Labs da irin wannan cajar suke zuwa.

In ka kawo shi gida, Windows 10 tun daga sabuntawar 2017 yana gane yawancinsu ba tare da direba ba. Shiga saitin sauti ka zaɓe shi, ka sa bit 24 in yana karɓa, da kilohaz 48 ko 44.1, ka kashe duk ƙarin kwalliyar sauti da Windows ke sawa. Jona shi a ramin USB na baya. Kuma ka saba da kashe sifiku da zarar an ɗauke wuta, kada ka kunna su sai wutar da aka kawo, ko ta janareta, ta zauna.